Tsutsar buhu ba iri ɗaya ba ce: gidan Ephestia da danginsa a mangazun Damagaram

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka sam mana fili mu yi magana a kan wata ɓarna da ake rainawa, alhali tana cin dukiyar jama'a a mangazu da shaguna da ɗakunan mata a nan Damagaram. Duk sanda aka taso da zancen ƙwarin ajiya, ƙwaron wake ake ambata, shi ake nema wa magani. Amma ka shiga kasuwar Dole a ƙarshen bazara ko tsakiyar damina, lokacin da kayan bara suka kwana biyu a ajiye, ka sa a kwance maka bakin buhun gujiya ɓararriya, ko na dabino, ko na garin hatsi. Sau da yawa za ka iske saman kayan ya cure. Ka ɗago ƙwaya ɗaya, goma su biyo ta a sarƙe da wani zare mai kama da yanar gizo, ga ɗan kashi kamar tsaki a manne. Mai kaya zai ce maka tsutsa ce, kuma gaskiyarsa. Sai dai tsutsotsin da ke wannan aiki a wajenmu sun kai iri huɗu ko biyar, kuma wanda bai san wadda ta shigar masa ba yakan sayi maganin wata ya zuba wa wata.

Uwar wannan tsutsa ƴar faɗa-wuta ce, ƙarama, mai launin toka ko na ƙasa, wadda in ta buɗe fukafukanta ba ta cika wuce santimita 2 ba. Ita ce kake gani tana shawagi a mangaza da almuru ko da asuba, da rana kuma ta lafe a jikin buhu ko bango. A gefen bakinta akwai wasu ƴan gaɓoɓi biyu da suka fito gaba, ko suka lanƙwasa sama, har su yi kamar tsinin hanci. Daga nan ne aka samo musu laƙabin faɗa-wuta masu tsinin baki. Babbar zuri'arsu ana kiranta Pyraloidea, kuma an rubuta irinsu wajen 16,000 a duniya. Ta rabu dangi biyu, Pyralidae da Crambidae. Abin da ya raba su ba a ganinsa da ido tsirara: dukkansu suna da kunne a gindin ciki, wanda suke jin kukan jemage da shi, to ginin wannan kunne ne ya bambanta. Masu yi mana ɓarna a ajiya ƴan dangin Pyralidae ne, wanda yake da iri wajen 6,000 a rassa biyar. Biyu daga cikin rassan nan ne suka shafe mu, wato Phycitinae, wanda shi ne mafi girma, da Galleriinae.

Sunan kowane iri kalma biyu ne. Ta farko sunan gida, ta biyu sunan yanka, wato akasin yadda mu muke yi. Bayan su sai a sa sunan masanin da ya fara bayyana irin, da shekarar da ya yi. In ka ga an sa sunan masanin a cikin baka, to alama ce an ɗauke wannan iri daga gidan da aka fara sa shi an kai shi wani. Wannan ƙaramar ƙa'ida tana da amfani, domin a wannan dangi an sha sauya gida.

Gidan Ephestia wani Bafaranshe ne, Achille Guenée, ya kafa shi a 1845. Irin da aka ɗauka ya zama ma'aunin gidan shi ne Ephestia elutella, wanda Bajamushen nan Jacob Hübner ya bayyana tun 1796. Ɓarnarsa a ganyen taba da koko da hatsin mangaza take, amma ɗan ƙasashen sanyi ne, tsutsarsa takan kwanta ta shafe hunturun Turai a cikin saƙarta kafin ta rikiɗe. Ba shi ne abokin gabarmu ba. Na biyu da ya yi suna shi ne Ephestia kuehniella, wanda Zeller ya bayyana a 1879, ya raɗa masa sunan Julius Kühn, masanin aikin gona na birnin Halle. Shi ne mafi girma a cikinsu, fukafukansa kan kai milimita 20 zuwa 25, ruwan toka ne da baƙin zane mai karkace-karkace, kuma in ya sauka yakan ɗaga gaban jikinsa sama. Gari yake so, musamman na alkama, kuma a manyan injinan niƙa saƙarsa takan toshe bututu da rariya har aiki ya tsaya. A wasu littattafai za ka gan shi da sunan Anagasta kuehniella, abu ɗaya ne. Shi ma ba ya jimirin zafi: ya fi jin daɗi a wajen digiri 25, in zafi ya haura 30 haihuwarsa takan lalace. Garin da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 ba wurin zamansa ba ne, sai dai ya biyo buhun fulawa ya ɗan yi kwanakinsa lokacin ɗari. Sauran ƴan gidan galibinsu a daji suke, suna cin busassun ƴaƴan itace da tarkacen tsirrai, ba ruwansu da mangaza.

To ina wadda ke cinye mana kaya? A tsofaffin takardun horon ma'aikatan gona, waɗanda har yau suna yawo a hannun mutane, za ka ga an rubuta Ephestia cautella. Sunan da masana suka fi amfani da shi yanzu shi ne Cadra cautella, domin an ware ta tare da wasu ƴan'uwanta an mayar da su gidan Cadra bisa bambancin jijiyoyin fiffike da na al'aura. Francis Walker na Ingila ne ya bayyana ta a 1863. Abin dariyar shi ne, shekara guda bayan haka ya sake cin karo da ita, bai gane ta ba, ya sake raɗa mata wani suna, ya kafa mata sabon gida, wato Cadra ɗin nan. Saboda haka in wani ya ce Ephestia cautella, wani ya ce Cadra cautella, kada su yi musu, dabba ɗaya suke nufi. Ita ce ƴar ƙasashen zafi. Fukafukanta milimita 14 zuwa 20, toka-toka mai sirkin ƙasa, da wani baƙin layi da ya ratsa fiffiken gaba kusa da kafaɗa, gefensa na ciki da ɗan haske. Tana cin gujiya, da riɗi, da dabino, da masara, da dawa, da gari, da ƙuli-ƙuli, kusan duk abin da ya bushe mai maiƙo ko zaƙi. A gidan akwai kuma Cadra calidella da Cadra figulilella, waɗanda suka fi damun busassun ƴaƴan itace. Su biyun nan tun a gona suke kama dabino, musamman wanda ya faɗo ƙasa ya kwana, su biyo shi har cikin buhu. Masu dabinon Gidimuni da fatake masu kawo na Bilma ya kamata su riƙe wannan: dabinon da aka tsinto a gindi kada a gauraya shi da wanda aka yanko daga sama, a sayar da shi da wuri ko a ci.

Maƙwabciyar gidan ita ce Plodia interpunctella, wadda Hübner ya bayyana a 1813. Ita kam ba ta da wuyar ganewa, ko yaro zai gane ta in an nuna masa sau ɗaya. Kashi ɗaya cikin uku na fiffikenta daga kafaɗa fari-fari ne, sauran kuwa ja ne kamar gacin jan ƙarfe. Ita ce aka fi samu a shago da ɗakin girki, cikin ledar biskit, garin jarirai, busasshen tumatir da barkono. Tsutsarta tana iya huda siririyar leda.

Sai wadda a ganinmu ta fi cancantar a sa mata ido a ƙasa irin tamu, wato Corcyra cephalonica, wadda Stainton ya bayyana a 1866. Wannan ba ƴar reshen Phycitinae ba ce. Reshenta Galleriinae, tare da Galleria mellonella, tsutsar da ke cinye saƙar zuma a amya. Launinta na ƙasa ne mai haske, babu wani layi da ya ratsa fiffiken, sai dai jijiyoyin su ɗan yi duhu, kanta kuma da ɗan tukku. Gaɓoɓin bakin macen dogaye ne sun miƙe gaba, na namijin gajeru ne har da ƙyar a gan su. Abin da ya sa ta zama tamu shi ne jimirin bushewa. Cadra tana son zafi da laima, digiri 30 zuwa 32 da danshin iska kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, wato yanayin Yuli da Agusta. Corcyra kuwa tana iya girma a hatsi da dawa ko danshin iska ya sauka ƙasa da kashi 20, kamar yadda yake yi mana da hunturu. Saƙarta ta fi ta sauran kauri da tauri, gidan da tsutsar ke yi in za ta rikiɗe fari ne sol, in ka ja shi da yatsa sai ya yi kamar tsumma.

Wanda ke son ya rarrabe su da kansa, ga hanya. Ya sami madubin ƙara girma mai ninki goma, irin na masu gyaran salula ma ya isa. Ya ɗauko tsutsa babba, mai tsawon milimita 12 zuwa 15, ya ɗora ta a farar takarda. In a gindin kowane gashi na bayanta akwai ɗan baƙin ɗigo, har ɗigogin su jeru layi-layi, to ƴar gidan Cadra ce ko Ephestia. In jikin sumul yake ba ɗigo, Plodia ce ko Corcyra, sai a dubi uwayen da ke jikin bango da kaurin saƙa a raba gardama. Amma raba Cadra cautella da ƴan'uwanta na kusa, ko da Ephestia elutella, ba aikin wannan madubi ba ne. Ƙurar fiffikensu takan goge su koma kamar an tsaga kara, sai an fede al'aurarsu a ƙarƙashin madubin ɗakin bincike. Duk wanda ya kalli hoto a salula ya ce maka ya tabbatar da irin, ka karɓi maganarsa da hannu ɗaya.

Amfanin wannan rarrabewa yana fitowa fili a wajen tarko. Akwai tarkon danƙo da ake sa wa ƙamshin da mace ke saki don kiran namiji. Plodia da Ephestia da Cadra, da yake reshensu ɗaya, babban sinadarin ƙamshinsu ɗaya ne, tarko guda yana kama su duka. Corcyra ba ta jin wannan kira, nata daban ne, a wajenta ma namiji yana da nasa ƙamshin da yake jawo mace da shi. Ke nan mai mangazar hatsi zai iya rataya tarko, ya duba mako-mako ya ga wayam, ya saki jiki, ita kuwa tana can tana saƙa a buhunansa. Ko a kan waɗanda yake kamawa, tarkon nan maza yake ɗauka. Aikinsa ya sanar da kai sun iso, ba ya ƙarar da su.

Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne bin uwayen da feshi. Uwar ba ta cin kaya, kwananta bai fi mako ɗaya zuwa biyu ba. Kafin ka gan ta ta gama aikinta, domin macen Cadra tana iya zuba ƙwai har 350, mafi yawansu a kwanaki uku ko huɗu na farko. A digiri 30 ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana uku zuwa huɗu, daga ƙwai zuwa sabuwar uwa kuma wajen wata guda ne. Tsutsar takan fara da idon ƙwaya, inda tsiro ke fita, shi ya sa irin shuka ke mutuwa alhali a ido lafiyarsa ƙalau. Ba ta nutsewa can cikin tuli, a sama-sama take, a bakin buhu da gefunansa. In ta ƙoshi sai ta bar abincin ta yi yawo, ta shige ɗinkin buhu, ko tsagar bango, ko ƙarƙashin katako, ko tsakanin azara da rufi, ta yi gidanta a can. Wannan yawon shi ne sirrin dawowarta kowace shekara. An kwashe tsohon kaya, an share tsakar ɗaki, an zuba sabo, ita kuwa tana bango tana jira.

Don haka aikin farko kafin sabon kaya ya shigo shi ne a fitar da komai, a share bango da rufi da tsintsiya mai tauri, a ƙone sharar, a liƙe tsagogi da laka ko siminti. Tsofaffin buhuna a juya cikinsu waje, a kakkaɓe ɗinkin, a tsoma su a tafasasshen ruwa ko a shanya su a rana mai zafi. A jera buhuna a kan katako, a bar aƙalla rabin mita tsakaninsu da bango don mutum ya iya zagayawa da tocila. Buhun da ya riga shiga shi zai riga fita.

Na biyu bushewa. Hatsi da dawa da masara su sauka zuwa kashi 12 ko 13 na danshi, gujiya ɓararriya kada ta wuce kashi 8. Wanda ba shi da na'urar awo ya sami kwalba busasshiya, ya zuba hatsi kamar sulusinta, ya ƙara cokali biyu na gishirin da aka shanya ya bushe ƙarau, ya rufe, ya girgiza, ya bar ta ta ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba. A gujiya wannan batu ya wuce asarar nauyi, domin inda tsutsa ta huda kuma laima ta samu, nan ne fumfunar da ke haifar da gubar aflatoksin take kamawa.

In kaya ya riga ya kamu, rana tana maganinsa. A shimfiɗa busasshen haki a ƙasa, a ɗora baƙar leda, a baza kayan kada kaurinsa ya wuce yatsu biyu ko uku, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a naɗe gefuna a danne da duwatsu. A bar shi aƙalla awa biyu da tsakar rana. Zafin ciki yakan kai wajen digiri 60, wanda ke kashe ƙwai da tsutsa baki ɗaya. Abin da ke ɓata wannan aiki shi ne tula kaya da yawa, na ƙasa bai ji zafi ba, ko barin gefe a buɗe iska tana shiga. Gujiyar da aka ware don iri kada a yi mata haka. Bayan kayan ya huce a tankaɗe, a sheƙe, sannan a zuba a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi tare da masu bincike na yankinmu. Ba magani a cikinsa, numfashin ƙwarin ne ke cinye iskar har su mutu. A hura kowace leda a duba ko tana da huda, a matse iska, a murɗe bakin kowace ɗaya a ɗaure ta ita kaɗai. Masu ɗaure ledojin biyu da igiya ɗaya, da masu buɗewa kowace Juma'a su ɗebi tiya guda, su ne ke cewa buhun ba ya aiki. Ƙaramin kaya irin dabinon buɗa-baki, wanda ke da firiza mai kai digiri 18 ƙasa da sifili ya sa shi mako guda a leda ɗaurarriya.

Game da ƙwayar nan ta Phostoxin da ake sayarwa a kasuwa kamar alewa, maganarmu a gajarce take. Kowace ƙwaya mai giram 3 tana sakin giram 1 na iskar fosfin, wadda ke kashe mutum yadda take kashe ƙwaro. Ba ta aiki sai a ƙarƙashin tamfol da aka liƙe ruf na aƙalla kwana biyar zuwa bakwai, domin ƙwan waɗannan faɗa-wuta ya fi tsutsarsu jimiri. Jefa ta a buhun saƙa iskar ta tsere cikin dare ɗaya ba ya kashe ƙwai, sai dai ya cuci masu kwana a ɗakin. Aikin ma'aikatan kare tsirrai ne. Piya-piya kuwa ba ta da hurumi a jikin abin da za a ci.

Duk da wannan ɓarna, Corcyra tana da ranarta a gonar hatsi. Akwai wata ƴar mitsitsiyar zanzaro, Habrobracon hebetor, tsawonta milimita 2 zuwa 3, wadda ke harbin tsutsa ta shanye mata jiki, ta zuba ƙwai a kanta, ƴaƴanta su tsotse ta. Masu bincike na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, a Maraɗi suna kiwon Corcyra da gangan a kan hatsi don su ciyar da wannan zanzaro, sannan a sake ta a gonaki ta yaƙi murzuna mai cin zangarniya. A ƙaramar jakar algarara ake zuba hatsi da gari, da tsutsar Corcyra 25, da matan zanzaron biyu da suka riga suka haɗu da namiji, a rarraba jaka 15 a gonakin gari guda lokacin da hatsi ke fitar da kai. Bayan kamar mako guda sabbi su fara fitowa ta ramukan saƙar. In ka ga tsutsa a buhunka ta sandare, ga ƴan fararen gidaje kamar ƙwayar shinkafa a gefenta, wannan zanzaron ce ta riga ka, kuma feshi ita yake fara kashewa.

Murzunar kanta ba ƴar wannan zuri'a ba ce, sunanta Heliocheilus albipunctella, danginta Noctuidae. Haka ma ƴar ƙaramar faɗa-wutar da ke girma a cikin ƙwaya ɗaya ta fito ta bar rami zagayayye, wadda ke bin damman hatsi da dawa a rumbu, Sitotroga cerealella ce, danginta daban, kuma ba ta cure kaya da saƙa. Ƴan'uwan da ke gona su ne na dangin Crambidae: Coniesta ignefusalis mai huda karan hatsi, wadda ke kwantawa a busasshen kara har damina ta zagayo, da Maruca vitrata mai cin fure da kwanson wake.

Roƙonmu ga ma'aikatar gona ta jiha da malaman Jami'ar André Salifou shi ne a bi mangazun Mirya da Magarya da Matamai da Tanut da Gure, a lokacin ɗari da kuma tsakiyar damina, a tattara samfur a tantance wace iri ce ta fi yawa a kan wane kaya, a sanar da jama'a da Hausa. Ƴan kasuwa da manoma ma za su iya taimakawa. Tsutsa a tsoma ta a ruwan zafi na minti ɗaya don kada ta yi baƙi, sannan a sa ta a ƴar kwalba da alkol mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari. Uwar kuwa kada a jiƙa ta, kada a kama ta da yatsa: a kifa mata kwalba, a bar ta ta mutu, a sa ta a kwalin ashana tsakanin auduga. A rubuta da fensir a ƴar takarda sunan gari, da kwanan wata, da irin kayan da aka same ta a ciki, domin tawadar biro takan narke a alkol.

Mun gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wasu ma'aikatan kare amfanin gona,
Damagaram